Me Zan Dasa a Bayan Gida da Ba Shi da Ƙaya?

Wata baiwar Allah ta rubuto daga Birnin Kebbi:

"Assalamu alaikum Malam. Ni matar aure ce, yarana uku, babban shekararsa 7. Bara muka tare a gidanmu na kanmu, akwai fili a baya mai faɗin mita 5 da tsawon mita 12. Mun tarar da lemun tsami guda kusa da wurin alwala. Watan jiya ƙayarsa ta soki autana a tafin ƙafa har wurin ya kumbura. Mahaifiyar maigidana tana tare da mu, tana da ciwon suga, idonta kuma ya yi rauni. Maigida ya ce zai sa a sare lemon, a malale filin da siminti kowa ya huta. Ni kuwa burina in ga yarana suna tsinkar 'ya'yan itace a gidansu, amma ko barkono ban taɓa dasawa ba. Na ga wani a Facebook yana tallar blakberi marar ƙaya da buluberi, ya ce ko'ina suna yi. Suna da tsada, amma kwasar adashina ta kusa. Ruwa kuma in famfo ya ɗauke wurin 'yan ga-ruwa muke saye. Me zan dasa marar ƙaya, wanda ba zai girma ya fasa katanga ba? Kuma yaya zan shawo kan maigida?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Malama. Allah ya ba yaro lafiya, ya ƙara wa Hajiya sauƙi.

Zan fara da maganar maigida, domin ita ce ta fi gaggawa, kuma a rabin maganarsa ina bayansa. Ciwon suga in ya daɗe a jiki yakan kashe jijiyoyin ƙafa, mutum ya taka ƙaya bai ji ba, ya kwana biyu ko uku yana yawo da ita, sai an ga kumburi ko an ji wari. Raunin mai suga ba ya saurin warkewa, kuma da yawa daga cikin waɗanda aka yanke wa yatsa ko ƙafa, daga ɗan rauni irin wannan abin ya faro. Dattijuwar da ba ta gani sosai, tana fita alwalar asuba cikin duhu, ga lemun tsami a gefen hanyarta, wannan ba abin jinkiri ba ne. A sare shi. Kada a tsaya a sara kaɗai, a tone kututturen da saiwarsa, domin lemo in an bar masa gindi, tohon da zai fito ya fi na da ƙaya, dogaye masu kauri. Rassan a kwashe a ƙone, a share wurin da kyau, saboda busasshiyar ƙayar lemo takan daɗe a cikin ƙasa ba ta ruɓe ba. Hajiya ta daina fita ba takalmi ko da silifa mai laushi, a samo mata rufaffen takalmi, wani a cikinku ya riƙa duba mata tafin ƙafa da tsakanin yatsu kowane dare. Autan kuma, in ba ki tabbata allurarsa ta tetanus ta cika ba, ki ɗauki katinsa ku je asibiti.

Inda na rabu da maigida shi ne malale filin duka. Kin san zafin Birnin Kebbi a watan Afrilu da Mayu, ya wuce digiri 40. Siminti wuni yake yi yana shan rana, da dare ya riƙa fesa wa bangon ɗaki abin da ya sha. Da damina kuma ruwan indararo ya rasa inda zai nutse, sai ya kwanta a gindin gini. Abin da Hajiya take buƙata hanya ce mai tsabta, faɗin mita 1, daga ƙofar ɗakinta zuwa wurin alwala da bayi. Wannan a yi mata da siminti, kada a goge shi ya yi santsi. Sauran mita 4 a faɗi ya ishe ki lambu.

Kuɗin adashinki kuwa, ki riƙe su. Blakberi ƙaramin baƙin ɗan itace ne na ƙasashen sanyi, kuma marar ƙayar gaskiya ne akwai shi, ba ƙarya mai tallar ya yi a nan ba. A Ingila aka fitar da wani iri mai suna Merton Thornless, a Sikotlan akwai Loch Ness, Jami'ar Arkansas ta Amurka kuma ta fitar da irinsu Navaho da Apache da Natchez. Amma ki duba ƙasashen da na lissafa. Wannan tsiro sai ya yi barcin sanyi kafin ya yi fure, yana buƙatar ɗaruruwan awoyi a sanyin da bai wuce digiri 7 ba. Mu nan, ko a tsakiyar hunturun Disamba da Janairu da muke rawar ɗari, da wuya dare ya sauko digiri 10. Zai iya yin ganye a tukunya ya ba ki sha'awa wata biyu ko uku, furen ya ƙi zuwa yadda ya kamata, bazara ta zo ta ƙone shi. Buluberi, shi kuma ƙaramin shuɗin ɗan itace, ya fi shi wuyar sha'ani, domin shi sai ƙasa mai tsami sosai, ma'aunin tsaminta tsakanin 4.5 da 5.5, alhali ƙasar bayan gidajenmu cike take da toka da ɓaraguzan bulo, waɗanda ke kashe tsamin ƙasa. Akwai kamfanonin da ke noma shi a wurare masu ɗumi kamar Peru da Maroko, amma da iri na musamman, da ƙasar da aka haɗa, da ruwan da aka tace, da ma'aikata masu lura da shi kullum. Ko siturobarin da ake kawowa daga Jos, tudun da ya kai mita 1,200 ne ya ba shi sanyin da yake so. Sayen dashe daga hoto cinikin biri a sama ne, ballantana ga wadda za ta fara.

Ga abin da nake so ki yi kafin ki kashe ko sisi. Ki zaga unguwarku da yamma, ki ɗaga kai ki ga abin da ke leƙowa ta saman katangun mutane da 'ya'ya a jikinsa. In kin shiga barka ko gaisuwa kika ga itace a tsakar gida, ki tambayi matar gidan shekararsa nawa, sau nawa take ba shi ruwa, a ina ta samo. Abin da ya rayu a gidan maƙwabciyarki, da ƙasa irin taki da ruwa irin naki, shi zai rayu a gidanki. Na tabbata abu biyu za ki fi gani, gwaba da gwanda.

Gwaba ita ce ta farko a wurina, in ma guda ɗaya za ki dasa to ita ce. Ba ta da ƙaya ko ɗaya, jikinta sumul yake, ɓawonta ma saɓulewa yake da kansa. Tana jure zafi, tana jure ƙasar jigawa, in ta kafu kika manta da ita kwana biyu ba za ta mutu ba. Sinadarin bitamin C da ke cikinta ya ninka na lemun zaƙi sau uku zuwa huɗu, don haka abin da kika rasa a lemon da aka sare za ki same shi a nan. Da yawa suna ɗaukarta babbar bishiya saboda sun saba ganin wadda aka sake ta yi yadda ta ga dama. Gwaba tana bin hannu. In dashen ya kai tsawon gwiwa zuwa cinya, ki datse kansa, ki bar rassa uku ko huɗu da suka fuskanci ɓangarori daban-daban, duk wani toho da ya fito daga ƙasan su ki cire. Daga nan duk shekara bayan an gama tsinka ki rage dogayen rassa, ki tsayar da ita a mita 2, inda hannunki zai kai. A kan sabon toho take yin fure, saboda haka askin ba ya rage mata haihuwa, ƙara mata yake. Gajeruwar gwaba kuma ta raba ki da fargabar yaro ya hau ya faɗo.

Wajen saye ki tambayi mai dashen: daga ƙwallo aka shuka ta, ko mai aure ce (reshen iri mai kyau da aka haɗa a kan gindin wata), ko ɗaurin reshe (reshen da aka ɗaure da ƙasa a jikin uwar har ya yi saiwa sannan aka yanko)? Ta ƙwallo takan kai shekara 3 ko 4 kafin ta yi abin kirki, kuma ba lallai ta ɗauko uwarta ba, kina iya dasa 'yar mai zaƙi ki samu mai tsami. Mai aure ko ta ɗaurin reshe a shekara ta biyu takan fara, kuma irin uwarta sak za ta ba ki. Ta fi tsada, amma ta cancanci kuɗinta. Akwai manyan farare da ake yayi yanzu, akwai kuma tamu ta gida mai jan ciki da ƙamshi. Ni da za ki bi tawa, ki dasa ɗaya daga kowanne, ki fi sa rai ga ta gida, domin ta saba da wahalarmu.

Ciwon gwaba ɗaya ne, tsutsa. Wani ɗan ƙuda ne yake huda fatar in ta fara nuna, ya saka ƙwai a ciki, ki tsinko ta kyakkyawa a waje ki ɓare ki tarar da ɓarna. Mafi muni a cikin irinsa daga Asiya ya shigo, an fara ganinsa a Kenya a 2003, daga nan ya bazu a Afirka, shi ne kuma ke lalata mangwaro. A gidan da ke da yara ba na son ki kama feshin magani. In 'ya'yan sun kai girman ƙwan zabo, ki sa wa kowanne jakar takarda, ko farar leda da kika yanke kusurwoyinta na ƙasa don gumi ya fita, ki ɗaure a wuyan. Aiki ne na yamma guda, kuma babban ɗanki zai iya taya ki. Waɗanda suka faɗo ƙasa kada ki bar su kwana, domin daga cikinsu tsutsar ke shiga ƙasa ta fito sabon ƙuda. Ki tara su a baƙar leda, ki ƙulle bakin, ki ajiye a rana kwana uku ko huɗu kafin ki zubar.

Gwanda kuma ita ce za ta riƙe miki zuciyar gida kafin gwaba ta fara. Wanda ya dasa abu ya shekara uku bai ga komai ba yakan karaya, mai gida kuma ya fara tambayar amfanin ruwan da ake zubawa. Gwanda cikin wata 9 zuwa 12 za ki yanka ta farko. Saiwarta mai laushi ce, ba ta fasa gini, mita 1 daga katanga ya ishe ta. Ba sai kin sayi dashe ba. Ki sayi gwanda mai zaƙi a kasuwa, wadda aka noma a yankin nan, ki zaɓi doguwa, kada ki ɗauki mai zagaye. Dalili shi ne gwanda iri uku ce: namiji da ba ya haihuwa, mace da sai da namiji kusa, da mai haɗe da duka biyun a fure ɗaya. Doguwar galibi daga wannan ta ukun take fitowa, kuma 'ya'yanta mafi yawa masu haihuwa ne. Ki murje ƙwayoyin a tafin hannu har jakar ruwan da ke jikinsu ta fashe, ki wanke, ki shanya a inuwa, ki shuka. Cikin sati 2 zuwa 3 za su tsiro. Ki bar uku a kowane rami har su yi fure a wata na 4 zuwa na 6. Namiji za ki gane shi da ƙananan furanni masu yawa a kan dogon sili da ke reto. Mai haihuwa furenta babba ne, manne da jikin itacen a hammatar ganye. Sai ki bar mai ƙarfi guda a kowane rami, ki sare sauran daga ƙasa, kada ki tuge don kada ki girgiza saiwar wadda kika bari.

Abu biyu ke kashe gwanda a nan. Na farko ruwa ya kwanta mata a gindi, kwana ɗaya zuwa biyu ya isa ya ruɓar da saiwar, don haka a kan ɗan tudu za ki dasa ta. Na biyu iskar farkon damina, wadda ke karya mai ɗauke da kaya, sai ki tokare ta da sanda mai baki biyu. Farin ruwan da ke fita daga ɗanyarta yana sa ƙaiƙayi, yana kuma ƙona ido, ki hana yara tsokanar ta da tsinke. Bayan shekara 3 takan yi tsawo haihuwarta ta ragu, ki riga ki shuka wata a gefe.

Na uku da zan ba ki shi ne fasadabur, wanda wasu ke kira gwandar masar. Ɗan ƙaramin itace ne, da kansa ba ya wuce mita 3 zuwa 6, da aski kuma ya tsaya ƙasa da haka. Ba ƙaya, ba ya son ruwa da yawa, yakan fara haihuwa a shekara ta 3 ko ta 4. Da hunturu zai zubar da ganyensa ya tsaya tsirara, kada ki ɗauka ya mutu ki tuge shi, hutawa yake yi. In kika ga yana fure da yawa amma 'ya'yan ba sa kamawa, bushewar iska ce da ƙarancin ƙwarin da ke kai masa garin fure. Furensa da farko yana ɗan buɗe baki a matsayin mace, daga baya ya buɗe sosai ya zubar da gari. Ki karkaɗe garin a murfin kwalba, ki ɗauka da ɗan burushi mai laushi ki shafa a cikin waɗanda suka fara buɗewa da safe. Ana tsinkarsa in gaɓoɓin jikinsa suka fara rabuwa tsakaninsu ya yi fari-fari, a ajiye a ɗaki kwana biyu ya yi laushi. Gargaɗi ɗaya: baƙaƙen ƙwallayensa suna da guba in an daka ko an tauna, garinsu in ya shiga ido yana yin mummunar illa. Ki cire wa autan ƙwallayen da hannunki kafin ki ba shi. Zaƙinsa kuma yana da ƙarfi, Hajiya ta tambayi likitanta abin da za ta iya ci.

In har zuciyarki na kan wannan baƙin ɗan itacen da kika gani a hoto, akwai malberi. 'Ya'yansa sun yi kama da blakberi, ba shi da ƙaya, yana yi a wurare masu zafi kamar Indiya da Pakistan, kuma yankan reshe kawai ake sokawa a ƙasa da damina ya kama. Sai dai saiwarsa na da yawo, yana son ruwa, ruwan 'ya'yansa kuma yana rina tufafi da siminti. Ki bar shi sai shekara ta biyu, ki sa shi a rabin duro da aka huda ƙasansa. Inabi ma ba shi da ƙaya, ana noma shi sosai a Kudan ta jihar Kaduna, amma yana buƙatar rumfa da sanin lokacin aski, ba na mai farawa ba ne. Mangwaro da kashu sun fi ƙarfin filinki, ayaba kuma ta fi ƙarfin jarkar 'yan ga-ruwa.

Akwai waɗanda za a ce miki ba su da ƙaya, ki yi hattara. Rumman shi ne na gaba, domin yana son zafi da bushewa irin namu, kuma a leda yana ƙarami ba ya nuna komai, amma in ya girma ƙarshen ƙananan rassansa tsini ne mai kaifi. Magarya mai aure, mai manyan 'ya'yan nan da ta shigo ta wajen Nijar, ƙayarta ta ragu amma ba ta ɓace ba. Dabino a gindin kowane reshe yana da tsinke mai tsawon yatsa, kuma yana ƙarami daidai idon yaro suke. Lemun zaƙi mai aure ƙayarsa kaɗan ce, akwai ma wani lemun tsami da ake kira Tahiti wanda kusan ba shi da ita, amma gindin da aka aura su a kai yakan yi toho mai mugunyar ƙaya, sai mai ido a kai kullum. Ga gidanki a yanzu, na cire dangin lemo duka. A wurin mai dashe kada ki tsaya ga abin da ya faɗa, ki sa bayan hannunki ki bi reshen a hankali daga ƙasa zuwa sama, ki leƙa hammatar ganye, can ƙaya ke ɓuya. Ki nemi ya nuna miki uwar da ya yanko, in tana kusa. In kina son tabbacin iri, ki nemi malaman gona na hukumar bunƙasa noma da raya karkara ta jihar Kebbi, KARDA, su nuna miki masu rainon dashen da suka yarda da su. Cibiyar binciken kayan lambu ta ƙasa, NIHORT, da aka kafa a Ibadan a 1975, tana da reshe a Bagauda ta jihar Kano, in maigida yana da mai zuwa can.

Akwai wata hanyar da ƙaya ke shiga gida wadda ba a cika lura da ita ba, kuma a gidanku ta fi itacen kansa haɗari. Takin da za a kawo miki daga ƙauye ko daga turken awaki yana zuwa da irin ƙarangiya da tsaida da ƙashin yawo, har da gutsattsarin ƙayar bagaruwa da aka sare wa dabbobi. Ruwan farko na sauka za su tsiro, kafin kaka sun zuba 'ya'ya a inda yara ke gudu. Ki nemi takin da ya ruɓe ya yi baƙi ya daina wari, ki tankaɗe shi da rariyar yashi irin ta magina, ki tuge duk baƙuwar ciyawa tun kafin ta yi fure. Sannan shinge. Itacen da ba shi da ƙaya ba shi da abin kare kansa, akuya guda in ta shigo, cikin minti kaɗan ta cinye miki aikin wata shida. Wanda za ki sa ya yi miki shinge, al'adarsa ya saro magarya ko farar ƙaya ya kewaye dashen. Ki hana shi tun kafin ya tafi daji. A kafa sanduna huɗu a zagaye da ragar kaji a lanƙwashe bakin wayar ciki, ko a yi da zana, ko a jera bulo da tazara don iska ta shiga.

Yanzu muna bazara, kada ki dasa komai. Dashen da aka sa a ƙasa a Afrilu wahala kawai zai sha. Ki jira ruwa ya zauna, ƙarshen Yuni zuwa tsakiyar Yuli, damina ta yi miki rainon wata uku kyauta. Aikin yanzu shi ne ramuka. A tsakiyar filin da ya rage, mita 2 daga katanga, a haƙa uku a jere da tazarar mita 4: gwaba, fasadabur, gwaba. A nisanta su da shadda da bututun ruwa aƙalla mita 3, in lissafin bai ba da haka ba a rage gwaba guda. Ramukan gwanda biyu su shiga tsakani, ta wajen da rana ke samu. Kowane rami santimita 60 a faɗi, 60 a zurfi. In an haƙa, ki cika guda da ruwa da yamma ki duba da safe. In ya tsotse, ƙasarki lafiya lau. In kin tarar da ruwa kwance, akwai marmara ko laka a ƙasa, sai a fasa da diga ko a tayar da tudu a dasa a kai. Ƙasar sama da aka fara cirewa a gauraya ta da bokiti biyu na taki a mayar, a bar ta ta kwanta.

Ranar dashe ki zaɓi yamma. Ki yanke ledar da reza ki cire ta gaba ɗaya, kada ƙasar da ke riƙe da saiwar ta warwatse. Zurfin da yake a leda shi za ki ba shi a rami, gaɓar auren ta tsaya sama da ƙasa. Ki danna gefe da ƙafa, ki yi masa ɗan kwari a kewaye, ki zuba bokiti guda. In damina ta wuce ki lulluɓe gindin da ɓuntun shinkafa, wanda Allah ya hore mana a jihar nan, ko busasshen ganyen dogon yaro, amma ki bar tazarar tafin hannu tsakaninsa da jikin itacen saboda gara. Ki riƙa duba jikin dashen, in kin ga hanyar ƙasar da gara ke ginawa ki kankare ta nan take. Gara ta fi afka wa dashen da ƙishi ya raunana.

Lissafin ruwa shi ne abin da maigida zai fara tambaya, ki je masa da amsa a hannu. Dashe biyar, kowanne lita 10, ranar bayarwa lita 50 ke nan, jarka biyu masu lita 25. Da hunturu kwana ɗaya a ba su kwana ɗaya a tsallake, ya kama jarka guda a rana. Daga Maris zuwa saukar ruwa gwanda za ta so kullum. Amma ki duba ruwan da gidanku ke zubarwa: na alwalar manya sau biyar a rana, na wankin shinkafa da kayan miya, na ɗaurayar kwanuka ta ƙarshe. A karkata magudanar wurin alwala ta zube a kwarin gwabar da ta fi kusa, ita kam an gama da ita. Ruwan wanki mai omo da bilic ne kaɗai ba na so ya je gindinsu. Akwai kuma dabarar tulu: ki binne tulun ƙasa marar fenti har wuya a gefen dashe, ki cika shi ki rufe bakin da faifai ko tsohon murfi don sauro. Ruwan zai riƙa tsatsowa ta jikinsa kai tsaye zuwa saiwa, rana ba ta sha rabonta ba, cikawa ɗaya ta kai ki kwanaki.

Shi kuwa maigida, kada ki fara masa da burinki, ki fara da abin da ke damunsa. Ki ce masa kin yarda a sare lemon, a cikin satin nan ma, kuma a yi wa Hajiya hanyarta. In ya ga kin riga shi damuwa da lafiyar mahaifiyarsa, kunnensa zai buɗe wa sauran. Sannan ki nuna masa takarda da zanen filin, inda kowane rami zai zauna, nisansa da katanga, da lissafin jarkar nan. Ki roƙe shi damina biyu. Siminti ko yaushe aka so ana iya zubawa, in an zuba kuwa fasa shi sai da sabon kuɗi. Ki shigar da Hajiya cikin shawarar tun farko, ki tambaye ta wace gwaba ta fi so, domin mutanen da suka girma a ƙauye sun san dashe fiye da yadda muke zato, kuma in ta ce a bar wa jikokinta wurin, ɗanta ba zai musa ba. Kuɗin dashe uku da ragar kaji da taki da ladan mai haƙa ba za su cinye adashinki ba. Abin da ya rage ki sayi duro mai murfi ki ajiye a ƙarƙashin indararo kafin ruwan farko.